Hutun Disamba a Kagoro

Wanda ya taso daga Daura zai je Zariya karatu, hanyarsa sananniya ce: Kazaure, Dambatta, Kano, a sake mota a Unguwa Uku, a bi ta Kura da Kadawa da Kwanar Dangora har a sauka Kwangila. Ita na bi ranar da na tafi yin rijista a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ba ni da dogon labari a kanta, domin duk inda mota ta tsaya abin da na baro gida shi nake tararwa: riga da hula, kiran salla, masu tallan rake da gurasa, Hausa iri ɗaya da tawa in ban da ɗan karin harshe. Tafiyar da ta sauya ni sai a ƙarshen shekara ta zo, kuma kudu ta nufa.

Samaru, unguwar da jami'ar take, ita ce ta fara gyara mini zama. A gida ni ɗan gidan wane ne, ko aike aka yi ni sunan Baba ke riga ni isa. A jami'a babu wanda ya san Baba. Lamba aka ba ni, ita nake rubutawa a saman kowace takarda, kuma da ita ake liƙa sakamako a bango. Mu 'yan shekarar farko na fannin noma a haɗe muke ɗaukar kemistiri da bayoloji da lissafi tare da sauran ɗaliban kimiyya, ɗaruruwa a zaure guda, don haka mai son jin malami sosai da an sallame asuba yake kama hanya ya riƙe kujerar gaba. A nan na koyi raba kuɗin da Baba ke turowa gida-gida tun ranar da suka shigo: na hatsi, na kananzir, na hoton takardu, sai ɗan abin da ake ɓoyewa don ciwo. Na koyi tambaya kuma. Yaron da ya taso inda ake ganin yawan tambayar babba rashin kunya ne, sai ya horar da bakinsa kafin ya iya ɗaga hannu ya ce wa malami bai gane ba, da Turancin da bai gama nuna ba, a gaban jama'a. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin inda nake. An buɗe jami'ar a 1962, Sardauna ne ubanta na farko, amma binciken noma a Samaru ya girme ta, tun 1922 ake yinsa. Irin wake da gyaɗa da dawa da malaman gona ke kai mana ƙauye, da yawansu a gonakin gwajin da nake wucewa kullum aka fitar da su.

A ɗakinmu na gidan kwanan ɗalibai na Suleiman, gadon da ke ƙarƙashin nawa na wani yaro ne Kirista daga Kagoro, a ƙaramar hukumar Kaura. Shi ma noma yake karantawa. Makonnin farko gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ni kudancin Kaduna a rediyo na san shi, kuma rediyo ba ta ambatonsa sai in an yi rikici. Shi ma, kamar yadda ya faɗa mini daga baya, abin da ya sani game da can Arewa bai wuce haka ba. Tukunya ce ta haɗa mu. Yana da risho, ni ina da shinkafa da kuka da daddawa da yajin da Inna ta ɗauro mini. Ran da muka fara haɗa girki na lura ya tafi kasuwar Samaru ya sayo nama wurin mahauci Bahaushe, ya kuma faɗa mini sunan teburin ba tare da na tambaya ba. Tun daga nan ba mu sake dafa abinci dabam-dabam ba. Ya fi ni Turanci da rubuta rahoton gwaji, na fi shi lissafi, sai muka riƙa zama a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim muna musayar abin da kowa ya iya. Ba ya kirana da sunana, "Daura" yake ce mini.

Da hutun Disamba ya matso sai ya ce, "Daura, Mama ta ce in kawo mata kai." Na kira Baba a waya ina zaton zai hana. Ya yi shiru, sannan ya jero mini tambayoyi: shin uban yaron yana raye, me yake yi, akwai masallaci a kusa? Da na amsa sai ya ce, "To ka je. Ka riƙe sallarka, ka ci abin da ya halatta, kada kuma ka raina wa mutane abincinsu." Inna ba ta so ba, ta kuma faɗa a fili. Sharaɗinta shi ne kada mu yi tafiyar dare, kuma duk garin da muka shiga in buga mata.

Mun bar Samaru da sassafe, muka sauka Kawo a Kaduna, muka tsallaka gadar kogi zuwa tashar Television inda motocin Kafanchan ke lodi. Tun rikicin shekarar 2000 birnin ya rabu, Musulmi sun fi yawa a arewacin kogin, Kiristoci a kudu, kuma ko ba a gaya maka ba, tufafi da sunayen shaguna za su gaya maka ka tsallaka. A cikin bas ɗin ni kaɗai ne mai hula. Kafin direba ya ta da mota wata dattijuwa ta yi addu'a da Hausa tsantsa, tana roƙon Ubangiji ya tsare hanya ya kai kowa gidansa lafiya, fasinjoji suka amsa da amin. Ni ma na karanta addu'ar tafiya a zuciyata. Ban taɓa jin an yi ibadar Kirista da harshen uwata ba sai ranar.

Hanyar ta wuce matatar mai, ta bi Kujama, ta miƙe Kachia. Ɗalibin noma ba ya barci a wannan hanya. Ƙasa tana ƙara ja, itatuwa suna ƙara kauri, ɗorawa da kaɗanya suna cakuɗa da manyan itatuwan kurmi a bakin rafuka, kuma a watan da gonakinmu na Daura suka koma kara da rairayi, nan ciyawa ba ta gama bushewa ba. Daga Kachia ƙamshin citta ya fara shigowa ta taga. An shanya ta a gefen kwalta, a kan duwatsu, a ƙofar gidaje, mata zaune da wuƙaƙe suna tsaga ta biyu. Shingen jami'an tsaro na da yawa, kuma duk inda daji ya yi duhu hira takan mutu a motar sai an fita fili. Bayan Zonkwa na fara ganin bishiyar kwakwar manja, wadda a da a littafi kawai na san ta. La'asar ta yi mana a Kafanchan, muka hau ƙaramar mota zuwa Kagoro. Garin a gindin dutse yake, dutsen kuwa ya tare gabas gaba ɗaya kamar katangar gidan sarki.

Mama ta fito da zani ɗaure a ƙirji, hannunta duk gari, ta ce, "Sannu da zuwa, yarona. Kai ne mai ciyar mini da ɗa da miyar kuka?" Na durƙusa na gaishe ta yadda zan gaida Inna. Ɗakin da aka kai ni na babban wan abokina ne. A bakin ƙofa akwai sabuwar buta, ko takardar farashi ba a cire mata ba, cike da ruwa. A kan gado an ninke darduma, wadda aka aro daga gidan wani Bafulatani mai kawo musu nono. Ƙanwar abokina ta nuna mini kusurwar ɗakin ta ce an tambayi mai dardumar, nan ne gabas. Ina idar da salla na ji ana cacar kaji a tsakar gida. Baban abokina ne tsaye riƙe da zakara da wuƙa, ya miƙo mini ya ce, "Malam, kai za ka yanka. Muddin kana gidan nan, duk abin da za a yanka kai ne mahaucinmu." Na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla, na yanka, yaran gidan sun kewaye ni suna kallo. Mama kuma ta ware sabuwar tukunya ta ce ba a taɓa dafa komai a cikinta ba, ita za a riƙa yi mana miya. Ba wanda ya yi dogon bayani a kan wannan, ni ma ban yi ba. Na dai gane an zauna an yi shawarata tun kafin in zo, an kashe kuɗi, an je gidan maƙwabci an yi tambaya. Daren nan na daɗe ina tunanin ko a gidanmu mun san abin da za mu tanadar wa baƙo Kirista.

Acca ce abincin gidan. Da safe kununta, da rana gwate da ganye da gyaɗa, da dare wani lokaci tuwonta. Akwai doya da gwaza da manja mai kyau. A garin ana kiwon alade, ana dafa burukutu, na gani da idona, kuma ba wanda ya ɓoye mini ko ya matsa mini. In mun bi ta wurin, abokina yakan gaisa da mutane mu wuce. Sanyin asuba a gindin dutsen nan ya fi na Samaru shiga ƙashi, sai ga shi kullum na tarar da butar da ruwan ɗumi.

Ranar Juma'a baban abokina ya ce shi zai raka ni Kafanchan. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi aiki a Kaura Namoda da Nguru, kuma Hausarsa ta fi ta ɗansa tsabta nesa ba kusa ba. Ya kai ni har kusa da babban masallaci, a ɓangaren fadar Sarkin Jama'a, ya zauna a rumfar wani tela tsohon abokinsa har aka sauko. Daga nan ya zaga da ni tashar jirgi. Layin dogo ne ya kafa garin a shekarun 1920: layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurdi a nan yake rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos da Bauchi, wanda daga baya aka ja shi har Maiduguri. Ya nuna mini tsofaffin gidajen ma'aikata da taragai da suka yi tsatsa, yana lissafa wanda ya zauna a kowane gida: wannan Inyamuri, wannan Bayarbe, wannan Babarbare, wancan mutumin Zazzau. "Duk ranar albashi tare muke cin bashi wurin mace ɗaya," in ji shi.

A hanyar komawa ne ya buɗe zancen da nake gudu. Ya fara da 1987, lokacin da faɗa ya tashi tsakanin ɗalibai a kwalejin horon malamai ta Kafanchan, wutar ta tsallaka har Zariya da Funtuwa da Katsina. Ya zo kan Zangon Kataf a 1992, inda batun sauya wa kasuwa matsuguni ya tono tsohuwar gaba ta ƙasa da sarauta. Sannan 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka kashe mutane da yawa a Zonkwa da Kafanchan, aka ƙona kasuwa. Bai wanke nasu ba, bai kuma wanke namu ba. Ya faɗi ƙorafin mutanensa na zamanin mulkin En'e, da aka ɗora musu hakimai daga waje, da hare-haren dare da ke cin ƙauyukansu. Ya kuma faɗi Hausawa da Fulanin da ya sani, waɗanda a nan aka haifi kakanninsu, aka kashe su ko aka kore su ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Telan da ya zauna wurinsa ɗazu ya rasa ɗa. Shi kuma ya rasa ƙani. Na yi shiru ina saurare, domin rabin wannan tarihi ban taɓa jin sa ba, rabin da na sani kuma ta baki ɗaya na ji shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne 1987: ɗalibai ne irina, masu kwana a ɗaki ɗaya, suka fara.

Mama 'yar Jaba ce, don haka bayan Kirsimeti aka tura mu Kwoi, babban garin Jaba, gaida kawun abokina, manomin citta. A wurinsa na ga noma irin wanda ban sani ba. Ya tono saiwa biyu ya ɗora mini a hannu: ɗaya mai faɗi, cikinta rawaya, ita ce tafin giwa, ɗaya siririya mai duhu da yaji sosai, yatsun biri. Ya ce da ruwan farko ake shuka, wajen Afrilu zuwa Mayu, a kakkarya saiwar ƙanana a binne, sannan a lulluɓe gonar duka da ganye da ciyawa don ƙasa ta riƙe laima. Wannan lulluɓin shi ne wahalar, iyali gaba ɗaya ke shiga daji yankan ganye. Sai ganyen cittar ya bushe a ƙarshen shekara ake tonowa, a tsaga, a shanya a iskar hunturu. Iri kuma daga amfanin bana ake ware na baɗi, a binne shi a inuwa. Ya koya mini riƙon wuƙar: a tsaga ta tsawo, gefen da aka yanka ya kalli rana. Kafin azahar yatsuna sun yi zafi da yajinta. Na tambaye shi masu saye, ya yi dariya ya ce, "Mutanenku mana. Daga Kano suke zuwa da manyan motoci, su kai Dawanau, daga can sai ƙasashen waje." Ya ce akwai wani Alhaji da ke sauka a gidansa kowace kaka tun zamanin mahaifinsa, kuma da kuɗinsa ake sayen taki kafin damina, ba takarda ba shaida. Najeriya na cikin manyan masu noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga waɗannan ƙananan hukumomi take fitowa. Cittar da Inna ke dakawa a yaji da kunu, ashe daga hannun irin wannan dattijo take.

Daga Kwoi muka hau babur zuwa Nok, ƙauyen da masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Shekarun waɗannan kayayyaki sun haura 2000, kuma an kai da yawansu gidan tarihi na Jos. Ƙauye ne shiru tsakanin duwatsu. Na tsaya gaban wani kan yumɓu mai idanu masu kusurwa uku da kitso a tsare, ina tuna cewa a makarantar sakandare an koya mana sunan nan don jarrabawa kawai, ba wanda ya ce mana jihar da ke maƙwabtaka da tamu yake.

Ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan, kuma saboda shi ne ma 'yan Kagoro na Legas da Abuja da Jos ke cika garin. Bikin ƙarshen kaka ne da buɗe farauta. Maharba suka fito da kwari da baka da fatu, ƙungiyoyin rawa daga ƙauyuka suna wucewa gaban sarki ɗaya bayan ɗaya, ana busa ƙaho, ƙura ta tashi. Dattawa ba sa rufe baki ba su ambaci marigayi Gwamna Awan ba, wanda ya riƙe sarautar daga 1945 har rasuwarsa a 2008. Na ga hawan salla tun ina goye, na san yadda mutum ke ji in sarkinsa ya fito, kuma wannan kallon na gani a fuskar abokina. Washegari muka hau dutsen. Hawan na da wuya, gwiwa na rawa, amma a sama akwai fili da gonaki da gidajen mutane, mata na saukowa da kaya a kafaɗa suna yi mana sannu. Abokina ya ce a nan kakanninsa ke fakewa a zamanin hare-haren kamen bayi, kuma mahara daga arewa suke zuwa. Ya faɗa ne yana nuna mini hanyar da dawakai ba sa iya bi, ba da zafi ba. Na riƙe maganar.

Da muka koma Samaru zango na biyu ya zo mini da sauƙin da ban zata ba. Wanda ya yi kwanaki shi kaɗai mai hula a gari, shiga ofishin malami ko tsayawa gaban aji ba ya ba shi tsoro kuma. Na daina zama a rukunin 'yan jiharmu kaɗai. Ba na ƙin ƙungiyoyin ɗaliban jiha, sun taimake ni da tsofaffin takardun jarrabawa da kuɗin mota, amma ina ganin asara ce yaro ya shekara biyar a wurin da aka tara ƙasar nan duka, ya fita bai san kowa ba sai waɗanda dama ya sani. Ba kuma ina cewa kowa ya ɗauki jaka ya kama hanyar Kachia ba. Tsoron Inna gaskiya ne, an sace mutane a hanyar, an kashe wasu, kuma ni na je ne a hannun mutanen da suka ɗauki amanata. Abin da na daina yarda da shi shi ne zancen "su" a dunƙule. In aka fara shi a majalisa nakan tambaya: su wa? Wane gari, wane gida? Wasu abokaina sun ji haushin wannan, har aka ce an saye ni da acca. Sallata tana nan yadda Baba ya ce in riƙe ta.

A daminar 2023 wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa ba su tsira da ko iri ba. Lokacin muna manyan aji, ni kuma na riga na karkata ga fannin kare amfanin gona daga cututtuka. Na kira kawu a Kwoi. Ya ce gonar ta tafi duka, kuɗin takin Alhaji ma ya shiga ciki, amma Alhajin ya aiko cewa a bar maganar sai Allah ya hore. Ya tambaye ni ko ƙasar za ta sake karɓar citta. Na gaya masa abin da aka koya mana: ƙwayar cutar na iya zama a ƙasa da jikin iri, don haka ya huta da wannan gonar ya sa masara ko dawa, ya nemi iri daga inda cutar ba ta kai ba, a tsoma shi a magani kafin shuka, a kuma gyara magudanar ruwa kada ya kwanta a kunya. Ya ce irin ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, buhu ɗaya zai iya saye. Muka yi shawara ya shuka shi a sabon wuri can bayan dutse, kada ya sayar da ko ɗaya daga abin da ya fito, ya mayar da shi iri gaba ɗaya.